A kafa dutsen tunawa da sojojin da suka ci Garwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi kira ga Gwamnatin Jihar Kano da Masarautar Kano da ƙungiyar 'yan mazan jiya a kan wani hakki da ya daɗe a wuyanmu, wato hakkin 'ya'yan Arewa da suka yi yaƙin Kamaru a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman waɗanda suka ci tungar Jamusawa ta Garwa a shekarar 1915. Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni ana busa bigila, amma da wuya ka samu ɗalibi a makarantun birnin nan da ya taɓa jin wannan labari.

Rundunar da suka yi wa aiki ita ce ta tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa a 1897, kuma Hausa ce harshen da kurata da hafsoshi suke magana da shi a cikinta. A ƙarshen watan Agusta na 1914 dakarunta suka taso daga Yola suka auka wa Garwa, amma Jamusawa sun riga sun kewaye garin da ramuka da waya mai ƙaya da bindigogi masu ruwan harsashi, saboda haka aka kore su da mummunar asara, har kwamandansu Maclear ya kwanta dama a wurin. Ba su haƙura ba. Da shekara ta kewayo suka komo ƙarƙashin Kanar Cunliffe tare da sojojin Faransa, aka hauro da igwar jirgin yaƙi ta kogin Binuwai, suka yi ta haƙa rami cikin dare suna matsawa kusa da ganuwar taki bayan taki, har ranar 10 ga Yuni 1915 Jamusawa suka miƙa wuya. A watan Nuwamba kuma suka hau dutsen Banyo da rarrafe ana gangaro musu da duwatsu daga sama, sannan tungar Mora ta sallama a Fabrairun 1916.

Sunayen hafsoshin Turawa suna nan a littattafai, amma na kuratan da 'yan dakon da suka ɗauki harsashi da abinci a ka, da yawansu sun bi ruwa. Ita kanta hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Idan baƙo ya amsa laifinsa, mu da muke jikokin mutanen nan ba mu da hujjar yin shiru.

Na san za a ce wannan runduna ce ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ƙarƙashin Kanar Morland, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, don haka bai dace a karrama ta a garin da ta ci da yaƙi ba. Maganar tana da nauyi, kuma ban yarda a ɓoye ta ba. Amma ni ba mulkin mallaka nake neman a yaba ba. Talakawa nake nufi, waɗanda talauci ko umarnin hakimi ya kai su bakin daga a yaƙin da ba su suka haddasa ba, kuma a cikin ganuwar Garwa ma 'yan uwansu ne suke riƙe da bindigar Jamus. Chari Maigumeri ɗan Barno yana cikin waɗanda aka kama a can, daga baya ya shiga sojan Nijeriya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, yau ga bariki da sunansa a Lokoja. Wajibi ne rubutun da za a yi a jikin dutsen ya faɗi wannan duka, har da 1903.

Ba mutum-mutumi nake nema ba, domin addininmu bai yarda da shi ba. Dutse ne ko hasumiya madaidaiciya, a sassaƙa sunaye da garuruwan asali da boko da ajami, a kafa shi a kusa da Gidan Makama inda ɗalibai suke zuwa ziyara. Masana tarihi na Jami'ar Bayero za su iya binciko sunayen a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, masu unguwanni kuma su tambayi gidajen da har yanzu suke ajiye da lambobin yabo na kakanninsu a cikin adaka. Ina roƙon 'yan majalisar dokokin jiha su kawo wannan batu zauren majalisa kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku,
daga unguwar Fagge, Kano