Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Girma Gwamnan Kano kan karatun 'yan aji uku

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni malama ce da ke koyar da 'yan aji uku a wata firamare ta gwamnati, kuma maganar yaran nan ce ta sa na ɗauki waya nake rubuto maka.

Tun da ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ake ta batun gyaran ajujuwa da kujeru da ɗaukar malamai, Allah ya saka da alheri. Roƙona shi ne a haɗa da abin da yaro zai yi da hannunsa bayan ya zauna a kujerar, don gaskiya a nan gizo ke saƙa.

Aji uku ba wasa ba ne, a nan ɗan shekara takwas yake shiga lissafin ɗarurruka da sau da rabi da kwata da kuɗi da karanta agogo, in ya wuce bai gane ba to daga aji huɗu zuwa shida rakiya kawai yake yi. Abin da aka saba shi ne malami ya rubuta a allo yara su bi shi da baki kamar waƙa, tu taims tu fo, su kwafa a tashi. Ka ba yaro 52 a cire 27, zai ce maka a ari ɗaya, ka tambaye shi a wajen wa aka ara sai ya yi zuru. Amma ka miƙa masa tsinken tsintsiya an ɗaure goma goma da roba, ɗauri biyar da tsinke biyu, ka ce cire 27, wallahi da kansa zai ga biyu ba za su ba shi bakwai ba, ya kwance ɗauri ɗaya su zama sha biyu, ya cire, ya ƙirga ya ce malama 25 ne. Wannan yaron ya gama da aron ɗaya har abada.

Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma an gwada ta a nan Kano a shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi, da aka yi tare da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da British Council a Dawakin Tofa da Wudil, sai dai 'yan aji huɗu zuwa shida aka yi wa, wato gyaran abin da ya kamata a kama tun a aji uku. Me zai hana a fara da wuri?

Kuma kayan ba tsada. Marfin kwalbar lemo, kwali a yanka agogo, mudu da gwangwanin madara a auna yashi. Mukan shuka wake a gwangwanayen tumatir, wani a bakin taga wani a cikin kwali mai duhu wani kuma a hana shi ruwa, bayan mako guda yaran da kansu suke gaya min me shuka take bukata. Ranar da muka buɗe kanti a aji da kwalayen ashana da kuɗin da muka zana a takarda, wata yarinya mai tallan gyaɗa da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta riƙa gyara wa kowa canji, ashe lissafin yana kanta, allon ne bai taɓa tambayarta ba.

Don Allah ranka ya daɗe a sa a ware wa irin wannan aiki lokaci a jadawali, kuma sufeto in ya zo kada ya tsaya a duba littafin shirin darasi kaɗai, ya tambaya me yaran suka yi da hannunsu wannan makon, don malami abin da ake tambayarsa shi yake yi. Bitar malamai ma a riƙa yin ta da tsinken da gwangwanin a hannu, a nuna mana yadda ake kasa aji mai cunkoso rukuni rukuni ba tare da ya koma kasuwa ba, domin a nan yawancinmu muke karaya. A kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC), wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, akwai kason kayan koyarwa da na horar da malamai, a taɓa mana kaɗan daga ciki ya biyo ta hannun kwamitin kula da makaranta (SBMC) na kowace makaranta a sayi almakashi da gam da kwali, da kabad mai kwado, saboda yanzu a buhu nake ɗaukar kayan in kai gida kullum in dawo da su da safe.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora.

Taka mai biyayya,
Malamar aji uku, Kano