Wasiƙa zuwa ga ɗana a Yamai

Assalamu alaikum, ɗana. Mu nan Damagaram lafiya lau, sai zafin bazara da ka sani. Duwatsun Birni har bayan isha'i ba su hucewa.

Innarka ta ce an auna ka, tansiyonka, wato ƙarfin bugun jininka, 16/10, wai kuma kana shirin ajiye ƙwayar da likita ya rubuta maka ka koma jiƙo kaɗai. Har ta aika kasuwar Dole an sawo maka zoɓo da busasshen zogale. Saƙonta ka karɓa, amma ajiye ƙwaya ban lamunta ba. Daga 14/9 likitoci ke kiran abin hawan jini, kuma ciwo ne da ba ya sallama. Mutum na tsakiyar harkarsa sai ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza.

Kada ka ce na raina itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau, daga tazargade aka fara tatso shi a ƙasar Sin, har matar da ta gano shi ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai shi an gwada shi, an san awonsa. Wanda ake talla a jarka bakin tasha, wai shi ne na basir, shi ne na shawara, shi ne na ciwon suga, wa ya san abin da aka jiƙa a ciki? Zoɓo yana ɗan sassauta jini, in ba a cika masa sukari ba. Ka sha, amma duk abin da kake sha ka faɗa wa likitanka, don wani ganyen ba ya shiri da wata ƙwayar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kake zaune. Jini ba ya hawa haka kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali ma bai cika ba. To ka lissafa dunƙulen magi a miyar mai abinci, da yajin tsire, da kilishin da kake so tun kana yaro. Kanwa ma ƴar gidan gishiri ce, ko da innarka za ta yi musu. Shayin fada kuma, wajen hirarku ta samari, na farko, na biyu, na uku, kowane da sukarinsa, har ƙarfe ɗayan dare, sannan ka tashi asuba ka tafi aiki. Yaushe jikin zai huta? Ka sauka daga kabu-kabu ka taka da ƙafa. Minti 150 a sati ake so, rabin awa ke nan a kwana biyar.

Sai tunani. Na san albashinka, na san buhun geron da kake saya mana, ga kuɗin lakwal na ƙannenka. Ba ka taɓa kuka ba, shi ya sa nake tsoro. Daga wannan wata ka rage abin da kake aikowa, na riga na yi magana da yayanka, shi zai ɗauki na yaran. Ka riƙa zuwa wajen kawunka ran Juma'a ku ci tuwo ku yi hira, kaɗaici ma yana cin mutum.

In za ka zo babbar salla ka taho da takardar da ake rubuta awonka, ina so in gani da idona. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙi, ya yi maka albarka.

Babanka