Sanarwa kan gobara da ƙofofin gaggawa

Assalamu alaikum, malamai da ma'aikata.

Don Allah kowa ya leƙa tukunyar kashe gobara da ke kusa da ofishinsa cikin makon nan. In allurar agogon da ke kanta ta bar wurin kore, ko lokacin duba ta ya wuce, a sanar da sashen kula da gine-gine. Wutar da ta tashi daga soket ko kwamfuta kuwa, ba a watsa mata ruwa, don lantarki zai bi ruwan ya kama mai watsawar. A kashe babban makunni, a fesa tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 ko mai hoda.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙofofin gaggawa. Wasu an jibge karyayyun kujeru da kwalaye a bayansu, wasu har da kwaɗo. In zauren lacca ya cika maƙil, hayaƙi ya turnuƙe, ƙofa ɗaya tak, ai turereniya za ta jikkata ɗalibai tun kafin wuta ta iso. A buɗe su yau.

Ƴan ɗakin gwaje-gwaje, in sinadari ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti.

Da ƙararrawa ta kaɗa, a bi matakala, kada a shiga lif. Kowane malami ya ƙirga ɗalibansa a wurin taruwa.