Sandar tsawa ba ta da amfani in wayarta ba ta shiga ƙasa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka kafin damina ta sauka. Ni mai haɗa wayar kuran ne a nan Tawa.

Wasu masallatai da makarantu sun kafa sandar tsawa a rufi, madalla. To amma bi wayar ka ga inda ta ƙare. Sau da yawa za ka tarar an soke ta cikin yashi zurfin taƙi ɗaya, ko masu neman jan ƙarfe sun yanke ta tun bara, sanda na can sama sai ka ce ado. Tun da Benjamin Franklin ya fito da ita wajen 1752, sandar nan ba ta taɓa korar aradu ba. Hanya take ba ta ta wuce ƙasa. In hanyar ta yanke, sai ta bi bango, ko wayar sola, ko jikin mutum.

Wahalarmu a Adar ita ce ƙasar kanta. Busasshen yashi da dutse ba sa karɓar wuta. Sai an haƙa har an kusa danshi, a kafa turken jan ƙarfe mai mita 2, in ɗaya bai isa ba a ƙara wasu a haɗe su. Gawayi da gishirin da muke zubawa suna taimakawa, amma gishiri na cin ƙarfe, ruwa kuma na wanke shi. Shi ya sa awo ya zama dole. Ana auna yadda ƙasa ke turje wa wuta ne, da ma'aunin da ake kira om. Ƙa'ida kada ya wuce om 10, kuma da rani ake aunawa, lokacin da ƙasa ta fi bushewa.

Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, jirgin alhazai wace waya gare shi?" Na ce, "Baba, jikinsa ne wayar." Tsawa na faɗa wa jiragen sama, ta bi ƙarfen jikin ta fita, fasinja na zaune lafiya. Amma ko a filin Diori Hamani na Yamai, in za a zuba wa jirgi mai, sai an haɗa shi da motar man da waya, kada tartsatsi ya tashi.

Ina kira ga kwamitocin masallatai da shugabannin makarantu, kafin watan Yuni su nemo mai na'urar awo, duba da ido bai isa ba. Gindin wayar kuma a sa shi cikin bututu saboda ɓarayi.

Naka,
Mai gyaran kuran, Tawa