Masu raka mu hira da tsakar dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wani bawan Allah da ya kwashe shekaru yana gabatar da shirin kiran waya na dare a wata tashar rediyo a nan Kano. Na sakaya sunansa don mutum ne mai kunya.

Ni mai shayi ne, kuma teburina ba shi da nisa da tasharsu. Idan ya rufe shiri wajen ƙarfe 12, a wurina yake tsayawa ya sha ruwan bunu da citta, wai madara tana dusashe masa murya. Daga bakinsa na ji cewa da karanta katin zaɓi-sonka ya fara aiki, tun ana aiko da gaisuwa ta gidan waya. Da wayar salula ta shigo a 2001, sannan Freedom Radio ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu a Kano a 2003, sai talaka ya samu bakin magana, shi kuma ya samu abin da ya iya, wato sauraro.

Yana da wani littafi da ya cika da sunayen masu kira: masu gadi, direbobin tirela, masu jinya. Wani dare wata baiwar Allah ta kira tana kuka, ana neman jini ga ƙanwarta mai naƙuda. Ya ajiye maudu'in ranar, ya yi ta nanata sanarwar har samari uku suka tashi daga kan bencina suka nufi asibitin. Da idona na ga wannan.

Da aka hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare a 2022, sau da yawa a ƙafa yake kama hanyar gida, don ba shi da abin hawa.

Yanzu yana kwance, ciwo ya cinye muryar, ga iyali. Ina kira ga masu gidajen rediyo da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ta ma'aikatan rediyo da talabijin, wato RATTAWU, su tanadar wa ma'aikatan dare motar mayar da su gida da inshorar lafiya. A kuma riƙa adana shirye-shiryensu, domin da na je duba shi, ɗansa ya tambaye ni ko na taɓa naɗar muryar babansa a waya. Wallahi ban taɓa ba.

Allah ya ba shi lafiya, amin.

Naka,
Wani mai shayi, Kano