Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Masu Neman Mayar da Dalma Zinariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, wasiƙarki ta iso ni, kuma na ji daɗin yadda karatunki na harhaɗa magunguna yake tafiya. Sai dai magana ɗaya ta tsaya mini a rai, inda kika ce an koya muku tarihin alkimiya a aji, kuma a ganinki masu yin ta mutane ne da suka ƙarar da rayuwarsu a banza wajen neman mayar da dalma zinariya. Ina so ki sake duba wannan hukunci, domin waɗanda kika raina ɗin su ne kakannin sana'ar da kike shirin ci da ita.

Ko kalmar kimiyya da muke faɗa kullum, daga alkimiya ta Larabci muka aro ta. Aikin ya yi jijiya a Masar, inda Zosimus, mutumin garin da yau ake kira Akhmim, ya yi rubutu a kansa wajen shekarar 300 Miladiyya, daga baya ya shigo hannun Musulmi ta hanyar fassara. Littattafai ɗaruruwa da ake jingina wa Jabir ɗan Hayyan na Kufa sun koyar da cewa kowane ƙarfe daga farar wuta da zaiba aka yi shi, bambancin tsarki da gwargwado ne kawai ya raba dalma da zinariya. Wanda ya yarda da haka kuwa, neman gyara gwargwadon ba hauka ba ne a wurinsa. Kuskuren yana cikin tunanin, amma shekarun da suka kwashe a gaban wuta suna narkarwa, suna tacewa, suna tara ruwa daga turiri, suna aunawa, ba su tafi a banza ba.

Wanda na fi so ki sani shi ne Abubakar ar-Razi, mutumin Rayy ta ƙasar Farisa, wanda ya rasu wajen 925. Ya yarda ana iya juya ƙarfe, ya kuma rubuta Sirrul Asrar a kan haka, amma idan kika duba yadda ya tsara littafin za ki ga hannun ma'aikaci: ya kasa abubuwa zuwa na ma'adinai da na tsirrai da na dabbobi, ya lissafta kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi yadda ake yin kowane haɗi. Shi ne kuma likitan da ya shugabanci asibiti a Bagadaza, ya rubuta bayanin da ya raba agana da ƙyanda. Idon da ya saba lura da sauyin launi a cikin kwalba, shi ya lura da ƙuraje a jikin yaro.

Bayan an fara fassara waɗannan littattafai zuwa Latin a 1144, Turai ta ɗauka. Can ne Parasalsus, likita ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1541, ya dage cewa aikin alkimiya haɗa magani ne, ba ƙera zinariya ba. Ya yi amfani da ma'adinai irin su zaiba wajen jinyar tunjere, kuma daga gare shi aka gaji ƙa'idar da za ki riƙe har ƙarshen aikinki, cewa kowane abu guba ne, gwargwado ne yake mayar da shi magani. Sarakunan daular Tang ta ƙasar Sin sun biya kuɗin rashin wannan sani da rayukansu, domin da dama daga cikinsu, har da Wuzong a 846, haɗin tsawon rai da aka yi musu da ma'adinai ne ya zama ajalinsu. Duk ranar da kika ɗauki ma'auni, 'yata, ki tuna da su.

Ba na cewa kowa a cikinsu mutumin kirki ne. Inda aka ambaci zinariya, 'yan damfara ba sa nisa, shi ya sa a 1404 aka kafa doka a Ingila da ta haramta ninka zinariya da azurfa, irin dai abin da masu ninka kuɗi suke yaudarar mutane da shi a kasuwanninmu. Marubuta sun yi musu kaca-kaca, musamman Ben Jonson a wasan kwaikwayonsa na 1610, wanda ya nuna cewa kwaɗayin wanda aka cuta shi ne jarin macuci. Tun kafin nan Ibn Sina ya ce rini kawai suke yi wa ƙarfe, asalinsa ba ya sauyawa, Ibn Khaldun ma ya soke su a Muƙaddima. Abin da yake burge ni shi ne, Ɗugra'i, mawaƙin Lamiyyatul Ajam, ya ɗauki alƙalami ya mayar wa Ibn Sina martani da hujja. Babban laifin masu alkimiya a wurina shi ne ɓoye sani a cikin sunayen sirri, su kira zaiba bawa mai gudu, su kira zinariya rana, har almajiri ya shekara ashirin yana maimaita kuskuren malaminsa bai sani ba. Saboda haka ki rubuta abin da kika gani a ɗakin gwaji a fili, har da gwajin da ya ƙi.

Malaman tarbiyya kuwa sun ari harshen suka kai shi wani wuri. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa wa littafinsa na Farisanci suna Kimiyar Sa'ada, yana nufin cewa zuciyar ɗan Adam ita ce tagullar da ake so a mayar zinariya, kuma hakan ba ya samuwa sai da ilimi da yaƙi da son zuciya. Wannan ma'anar ta fi kama hankalina yanzu da na manyanta, domin maƙeri ya san ƙarfe ba ya rabuwa da dattinsa sai ya sha wuta. Wahalar da kike kuka da ita a makaranta, ta dogon tsayuwa da maimaita gwaji, ki ɗauke ta a haka, kada ki nemi gajeriyar hanya wajen jarrabawa ko wajen neman kuɗi.

Ki kuma sani cewa Hennig Brand na Hambag zinariya yake nema a cikin fitsari lokacin da ya gano sinadarin fosfaras a 1669, kuma Isaac Newton kansa ya bar tarin rubuce-rubuce kan alkimiya. Idan kika samu sarari, ki nemi abin da aka rubuta a kan ar-Razi a ɗakin karatunku, ki zo mini da shi lokacin hutu mu duba tare, domin ina so in ji ra'ayinki bayan kin karanta.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani.

Naki,
Mahaifinki