Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin zuwa Gombe neman aiki

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa ka kammala bautar ƙasa, har ka yanke shawarar tahowa Gombe ka nemi aikin akanta. Ka tambaye ni yadda baƙo zai san mutane a garin da ba shi da kowa sai aboki guda, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuto maka a tsanake.

Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Gombe daga Jihar Bauchi, garin nan bai daina faɗaɗa ba. Mahaɗar hanyoyi ce, domin hanyar Bauchi, da ta Yola, da ta Biu, da ta Potiskum, da ta Dukku duk nan suke haɗuwa, sannan rikicin Borno da Yobe ya koro mana ɗimbin jama'a da dukiyoyinsu. Duk mai digiri da ya sauka, idonsa yana kan sakatariyar jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, ko kamfanin siminti na Ashaka. Ka nemi waɗannan duk lokacin da suka yi talla, amma ka sani ba kullum suke ɗauka ba, kuma masu nema sun yi yawa. Ƙofar da ta fi faɗi tana wajen makarantu masu zaman kansu, da gidajen mai, da masu injinan casar shinkafa, da manyan kantunan magani, da dillalan hatsi. Waɗannan ba su cika buga talla ba. Idan Alhaji yana buƙatar mai riƙe masa lissafi, juyawa yake ga wanda ya yarda da shi ya ce, "Ko ka san wani yaro mai amana da ya iya aikin nan?" Duk abin da zan faɗa maka a kan wannan tambaya ya rataya, wato yadda za a yi sunanka ya zo bakin wanda aka tambaya, kuma ya faɗe shi ba tare da fargabar za ka ba shi kunya ba.

Ka fara da waɗanda akwai wata igiya tsakaninka da su: tsofaffin ɗaliban jami'arku, da abokan bautar ƙasa, da 'yan garinku mazauna nan. Kusan kowane rukuni yana da zaure a WhatsApp, kuma a can labarin gurbi yake fara ɓulla. Ka kuma nemi 'yan ƙungiyoyin akantoci, ANAN da ICAN, ka ji ranar taronsu. Idan an yarda ka halarta, ka riga kowa zuwa, ka taya jera kujeru da rubuta sunayen mahalarta, saboda mai riƙe da takardar sunaye kowa sai ya tsaya a gabansa ya ga fuskarsa.

Inda na fi so ka natsu shi ne yadda za ka tunkari manya. Na sha ganin samari suna tare babban mutum a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, yana neman takalminsa, su miƙa masa ambulan ɗauke da takardun makaranta. Kunya takan sa ya karɓa, ya ce "Allah ya sa a dace," ya jefa a kujerar bayan mota, shi ke nan an wuce wurin. Kai kada ka yi haka. Ka samu wanda zai gabatar da kai, da ɗan gari akan ci gari, ka je a lokacin da aka ba ka, cikin tufafi masu tsabta, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ka karanta a taƙaice. Ranar farko shawara za ka nema, kuma tambayar ta zama mai kan gado, misali ka ce, "Ranka ya daɗe, tsakanin rubuta jarrabawar ƙwararru yanzu da fara aiki a ƙaramin kamfani, wanne ka ga ya fi dacewa da mai farawa?" Babba yana jin daɗin a nemi iliminsa, alhali roƙon aiki nauyi yake ɗora masa wanda wataƙila ba shi da ikon saukewa. Kada ka daɗe a zaune. Bayan mako biyu ko uku ka koma, ko ka aika gajeren saƙo, ka shaida masa abin da ka yi da shawarar da ya ba ka. Wannan komawar ita ce mafi yawan masu nema suke tsallakewa, kuma ita ce take sa a riƙe sunan mutum. Takardunka kuwa, da bakinsa zai ce ka kawo su.

Sanin fuska kaɗai ba ya isa a tsaya maka, sai an ga aikin hannunka. Idan kaka ta yi zan kai ka Tudun Hatsi ka ga yadda ake sauke masara da wake da dawa, dillali yana zaune a kan benci da babban littafi mai bango mai kauri, yana rubuta buhunan da suka shigo, da kuɗin 'yan dako, da bashin da aka ɗauka, wani da biro wani da fensir, har shi kansa wani lokaci sai ya yi ta buɗe shafuka kafin ya gano wanda bai biya ba. Mutum irinka zai iya zama da shi yamma biyu ya tsara masa wannan lissafi a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya fitar masa da jerin masu bashi a takarda ɗaya. Ko ladan bai taka kara ya karya ba, ka karɓa da godiya, domin dillalin nan da dare majalisa ɗaya yake zama da mai gidan mai da mai makaranta. Sharaɗin kawai shi ne abin da ka gani a littafin mutum ya tsaya a cikinka. Akantan da aka ji sirrin wani a bakinsa, ya gama aiki a kasuwar nan.

Kada kuma ka taƙaita hulɗarka ga Hausawa da Fulani. Jihar nan ta Tangale ce da Waja da Tera da Bolawa da sauransu, kuma za ka tarar da mutanen Billiri da Kaltungo da yawa a ofisoshi da asibitoci da makarantu. Ka girmama kowa, ka halarci ɗaurin aure da suna da ta'aziyya idan an sanar da kai, ka kuma kame bakinka daga gardamar siyasa a majalisa, tun da ba ka san wa yake tare da wa ba tukuna.

Akwai abin da yake damuna, dole in gargaɗe ka a kansa. Za ka haɗu da masu cewa suna da hanya a wata ma'aikata, ka kawo dubu ɗari kaza a ba ka takardar kama aiki. Na san gidan da aka sayar da shanu saboda irin wannan, takardar ta fito ta bogi, mutumin kuma ya kashe waya. Wanda yake son ka da alheri ba zai sa wa taimakonsa farashi ba, don haka ko sisi kada ka bayar.

Shafinka na LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki a intanet, ka gyara shi kafin ka taso, saboda ƙungiyoyin agaji da bankuna ta intanet suke karɓar takardu. Ka taho da ainihin takardunka da kwafinsu, da hotunan fasfo, da ɗan guzurin da zai riƙe ka wata biyu ko uku. Masauki kuwa kada ya dame ka, ɗakina ya ishe mu har ka samu naka. Idan motarku ta wuce Alkaleri ka kira ni, in fito tasha in tarye ka.

Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka roƙa mana addu'arsu.

Wassalam,
Naka amini.